Tafiya a ƙafa daga gari zuwa gari a Birtaniya: wace hanya za ka bi?

Tsakanin Hebden Bridge da Todmorden, garuruwa biyu da ke cikin kwarin Calder a Yammacin Yorkshire, tazarar ba ta kai mil 5 ba. Jirgin ƙasa yana cinye ta cikin 'yan mintoci. Amma wanda ya ce shi da ƙafa zai je, zai tarar da zaɓi aƙalla uku a gabansa, kuma kowanne da irin ranar da zai ba shi. Akwai titin mota na A646 da ke bin gindin kwarin, da hayaƙinsa da hayaniyarsa. Akwai bakin kanal ɗin Rochdale, wato kogin da mutane suka haƙa don jiragen kaya, a shimfiɗe kamar tabarma, ruwa a gefe guda, tsofaffin masaƙu a ɗaya gefen. Akwai kuma hanyar tudu, wadda za ta haura da kai har gindin hasumiyar Stoodley Pike, wajen mita 400 sama da teku, inda iska ba ta san sassauci ba, kafin ta gangaro da kai cikin ɗaya garin. Dukkansu suna kaiwa. Sai dai wanda ya ɗauki ta tudu da yammacin Disamba da takalmin ofis, da wanda ya ɗauki ta titi yana tura keken jariri, duk sun yi kuskuren zaɓi.

Wannan ba matsalar kwarin Calder kaɗai ba ce. Duk mazaunin Birtaniya, ɗalibi ne ko ma'aikaci ko baƙon 'yan makonni, idan ya yi niyyar taka sayyada zuwa garin da ke maƙwabtaka da nasu, tambayar da zai fara cin karo da ita ke nan: ta ina? Wurare huɗu ake samun amsa. Akwai hanyoyin Slow Ways da 'yan sa-kai suka zana kuma suke tantancewa, akwai manyan hanyoyin ƙasa da ake kira National Trails, akwai bakin kanal, sai kuma abin da manhajar waya ko taswirar takarda ta nuna maka. Ra'ayina tun daga farko shi ne, idan nufinka ka tashi daga tsakiyar garinku ka sauka tsakiyar garin gaba, ka dawo gida a jirgi ko bas, to hanyar Slow Ways da mutane suka riga suka taka suka ba da shaida a kanta ita ce farkon abin dubawa. Amma akwai sharaɗi a cikin maganar nan, akwai kuma ranakun da sauran ukun suka fi ta nesa ba kusa ba.

Kafin kwatanci, sai an san ƙasar da ake takawa, domin baƙo yakan tsaya cak a bakin shingen gona yana jin tsoron kada a ce ya shiga haƙƙin wani. A Ingila da Wales akwai kimanin mil 140,000 na hanyoyin da doka ta ba jama'a haƙƙin bi. Irin wannan hanya tana iya ratsa tsakiyar gonar alkama, ko ta wuce ta ƙofar gidan manomi, kuma mai ƙasar ba shi da ikon tare ta. Idan ma ya yi huɗa a kanta, doka ta ba shi kwana 14 ya mayar da ita yadda za a iya bi. Ƙananan kibiyoyi da ake bugawa a jikin turaku su ke faɗa maka matsayin hanyar: rawaya ta masu ƙafa ce kawai, shuɗiya ta haɗa da masu doki da keke, ja kuma har mota tana iya shiga. Sikotland tata dokar daban ce. Tun dokar gyaran mallakar ƙasa ta 2003, mutum yana da damar tafiya a mafi yawan filaye da daji matuƙar bai yi ɓarna ba, bai kutsa harabar gidan mutane ba, bai kuma tattake shuka ba.

Ba a banza aka samu wannan dama ba. A ranar 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan mutane, galibinsu matasan ma'aikata daga Manchester da kewaye, suka haura tudun Kinder Scout da gangan don nuna ƙin amincewa da rufe shi da masu ƙasa suka yi, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Dokar 1949 da ta kafa gandun shaƙatawa na ƙasa ta kuma tilasta wa hukumomin gundumomi su rubuta hanyoyin jama'a a taswirar hukuma, sannan dokar 2000 ta buɗe tsaunuka da fako da dama ga masu tafiya. Sai dai duk yawan hanyoyin nan, gutsattsari ne. Wannan ta taso daga coci ta ƙare a gona, waccan ta taso daga gona ta ƙare a bakin titi. Babu wanda ya zauna ya ɗinke su ya ce ga yadda za ka tashi daga wannan gari ka isa wancan.

Giɓin da Slow Ways ta zo cikewa ke nan. Dan Raven-Ellison, masanin labarin ƙasa kuma tsohon malamin makaranta, shi ya assasa ta. A lokacin kullen korona na 2020, 'yan sa-kai kimanin 700 suka zauna a gidajensu gaban kwamfuta suka zana hanyoyi fiye da 7,000, masu tsawon da ya haura kilomita 100,000, waɗanda suka haɗa garuruwa da biranen Ingila da Wales da Sikotland, kowanne da maƙwabtansa. An buɗe shafin ga jama'a a 2021, kuma sauke hanya a waya kyauta ne. Har sunayen hanyoyin da tsarinsu: a ɗauki haruffa uku na farkon sunan kowane gari a haɗa, ta Salisbury zuwa Winchester sai ta zama Salwin, idan an sami hanya fiye da ɗaya tsakanin garuruwan kuma a bi su da lamba.

Ƙa'idojin da aka ba masu zanen su ne suka bambanta ta da sauran. An nemi hanya ta kasance babu haɗari, ta kauce wa titin mota iyakar iko, kada ta yi kewaye-kewayen da babu dalili, ta bi ta tashar jirgi ko ta bas, a kuma sami wurin hutawa ko cin abinci kowane kilomita 5 zuwa 10. Ka lura da abin da aka sa a gaba: isa, ba kallo ba. Idan an sami kyan gani a hanya, madalla, amma ba za a karkatar da kai mil 3 don ka ga wani dutse ba. Wannan shi ya sa take dacewa da wanda ba shi da mota, domin farkonta da ƙarshenta suna inda jama'a da abin hawa suke.

To ga sharaɗin da na ambata. Waɗannan hanyoyi a kan allon kwamfuta aka fara zana su, kuma wanda ya zana ba lallai ne ya taɓa taka wurin ba. Masu shirin sun san haka, shi ya sa suka ɗora komai a kan tantancewa: mutum ya je ya bi hanyar da ƙafarsa, ya dawo ya rubuta abin da ya gani, ya ba ta taurari daga ɗaya zuwa biyar. Idan ta sami shaidar yabo daga mutum uku, sai a sa mata alamar katantanwa, wato ta tabbata. Saboda haka abu biyu ne a ƙarƙashin suna ɗaya. Hanya mai katantanwa shaidar masu gani da ido ce. Hanyar da ba kowa a kanta kuwa shawara ce kawai, mai yiwuwa ta yi kyau, mai yiwuwa ta kai ka bakin ƙofa a kulle ko gadar da ruwa ya cinye. Wanda bai taɓa irin wannan tafiya ba, ban ba shi shawarar ya fara da irin ta biyun ba. Wanda ya goge, yana da taswira da lokaci, shi ya kamata ya je ya buɗe wa na baya ido.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne, ba za ka ga allon Slow Ways a jikin turaku kana tafe ba. Hanyar a wayarka take, layi ne da kake saukewa a fayil ɗin GPX, wato fayil mai ɗauke da zanen hanya, ka buɗe a manhajar taswira, ko ka kwafe shi a takarda. A ƙasa kuwa kibiyoyin nan na rawaya da shuɗi za ka riƙa gani, su kuma ba su san inda ka nufa ba. A mararraba, kibiya uku na iya nuna gabas da yamma da arewa, duk halal ne a bi, ɗaya ce kawai taka. Idan batirin waya ya mutu a irin wannan wuri, an shiga uku. Ƙaramin batirin caji a aljihu ba ado ba ne.

A nan ne manyan hanyoyin ƙasa suka yi wa kowa zarra. A Ingila da Wales ba su kai 20 ba, amma kowacce tana da masu kula da ita, da kuɗin gyara, da alamar ɗan itacen oak da za ka riƙa gani a kowace ƙofa da kowace kwana. Pennine Way ce ta fari, an buɗe ta a 1965, shekara 30 bayan ɗan jarida Tom Stephenson ya kawo shawararta, kuma tana da tsawon mil 268 daga Edale zuwa Kirk Yetholm da ke cikin Sikotland. Akwai ta gaɓar kudu maso yamma mai mil 630, da ta ganuwar Hadrian mai mil 84, da South Downs Way mai mil 100 daga Winchester zuwa Eastbourne. Sikotland tana da nata jerin daban, wanda West Highland Way mai mil 96 ta fi shahara a ciki. Idan abin da ka fi tsoro shi ne ɓata, babu kamarsu. Idan kuma kyan ƙasa kake nema, da ma don shi aka shimfiɗa su.

Sai dai ba don haɗa garuruwa aka yi su ba, sau da yawa ma gudun gari suke yi. Pennine Way tana gangarowa daga Stoodley Pike ta tsallaka kwarin Calder a tsakanin Hebden Bridge da Todmorden ta haye ɗaya tudun, ba ta shiga tsakiyar ko ɗaya daga cikinsu ba. South Downs Way a kan doron tudu take tafiya, ƙauyukan suna can ƙasa, duk wanda ke son shago ko bas sai ya sauka ya sake hawa. Don haka mai son zuwa garin gaba yakan sami babbar hanyar ƙasa ta ɗauke shi mil 3 ko 4 cikin kwanciyar hankali, sannan ta sake shi a daji ya nemi sauran da kansa. Inda aka yi dace kuwa, ba a neman wata. Daga Oxford zuwa Abingdon, hanyar bakin Kogin Thames ba ta wuce mil 10 ba, tana bi ta Iffley da Sandford, daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari. Abu biyu kawai za ka kiyaye: kogin yakan cika ya malale hanyar a hunturu, kuma Abingdon ba ta da tashar jirgin ƙasa, da bas za ka komo.

Bakin kanal shi ne zaɓin da na fi ba mai farawa, da mai tafiya da yara, da wanda gwiwa ke damunsa. Kanal kogi ne da mutane suka haƙa a ƙarni na 18 da na 19 don jigilar gawayi da auduga da sauran kaya, kuma tun da dawakai ne ke jan jiragen daga bakin ruwa, sai aka yi musu turba a gefe. Turbar nan ita ce ta rage mana. Ƙungiyar Canal & River Trust, wadda aka kafa a 2012, tana kula da kimanin mil 2,000 na irin waɗannan ruwaye a Ingila da Wales. Ruwa ba ya hawa tudu, don haka hanyar a miƙe take sai ɗan hawa a wajen ƙofofin da ake ɗaga jirgi da su. Ɓata kuma sai wanda ya so, tun da ruwan ne jagora. Daga Bath zuwa Bradford-on-Avon a kan kanal ɗin Kennet da Avon, wanda aka kammala a 1810, tafiyar kimanin mil 10 ce, za ka kuma taka gadoji biyu na dutse, Dundas da Avoncliff, waɗanda injiniya John Rennie ya tsara don su ɗauki kanal ɗin sukutum su tsallake da shi saman kogi. Idan ƙafa ta gaji kafin a kai, akwai ƙaramar tashar jirgi a Avoncliff.

Amma shi ma da nasa. Kanal yana bin lanƙwasar ƙasa, shi ya sa yakan fi hanyar tudu tsawo. Turbar ƙunci gare ta, musamman a ƙarƙashin gada, kuma da masu keke kake raba ta, wasunsu ba sa rage gudu. A wajen gari akwai inda take komawa taɓo zalla bayan ruwan sama. Wani wurin ma takan ɓace gaba ɗaya: ramin Standedge da ke tsakanin Marsden da Diggle ya fi mil 3 a ƙarƙashin tsauni, ba shi da turba ko kaɗan, a da ma ta saman tudu ake zagayawa da dawakan, kai ma haka za ka yi. Ga kuma kaɗaici. Bakin kanal a bayan masana'antu idan duhu ya fara ba wurin da zan so 'yar'uwata ta bi ita kaɗai ba ne. Babbar iyakarsa dai ita ce, inda ruwa ya je nan yake zuwa, kuma garuruwa da yawa ba su da kanal ko kaɗan.

Sai manhajar waya, wadda ita ce mafi yawanmu muke fara buɗewa don ta fi kusa da hannu. A cikin gari ba ta da laifi. A wajen gari ne take nuna halinta, domin lissafinta gajarta ce, ba ta ganin bambanci tsakanin titi mai gefen masu ƙafa da wanda ba shi da shi. Na taɓa bin wata irin wannan manhaja tsakanin wasu ƙananan garuruwa biyu. Ta fitar da ni gari lafiya, sai kawai gefen masu ƙafa ya ƙare a bakin wata gada, titin ya matse, shingen ƙaya mai tsayi ya tsaya dama da hagu. Babu inda za ka raɓe. Duk motar da ta taho sai na manna bayana a jikin ƙayar, iskar wucewarta tana kaɗa min riga, a kwana kuwa direba ba ya ganinka sai ya zo daf da kai. Irin waɗannan ƙananan titunan karkara, inda ba a sa wata alama ba, doka ta yarda mota ta yi gudun mil 60 a awa. Na yi kusan minti 40 a haka. Da na isa na buɗe taswira, sai na ga ashe akwai hanyar jama'a a bayan shingen nan, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da titin ta cikin makiyaya. Da wani ɗan yankin ya taɓa bi ya rubuta, da layi ɗaya ya ishe ni. Da ɗan gari akan ci gari. Idan dole ta sa ka bi irin wannan titi, ƙa'idar hanya ta ƙasar ta ce ka riƙe hannun dama, kana fuskantar motocin da ke tahowa.

Manhajojin da aka yi don masu yawon daji, irin su komoot da AllTrails da OS Maps, sun fi wannan sanin turba, kuma suna da amfani sosai wajen buɗe fayil ɗin hanyar da ka sauko da shi. Amma yawancin tafiye-tafiyen da mutane ke sawa a cikinsu zagaye ne: ka ajiye mota, ka kewaya, ka dawo wajen motarka. Mai son zuwa wani gari ba wannan yake nema ba. Ita kuwa taswirar takarda ta Ordnance Survey, hukumar zana taswirar Birtaniya, jerin Explorer mai bangon ruwan lemo, ma'auninta 1:25,000 ne, wato santimita 4 a takarda kilomita ɗaya ce a ƙasa, tana nuna har shingen gonaki, hanyoyin jama'a kuma da koren ɗigo-ɗigo. Ba ta da batirin da zai mutu, kuma wanda ya iya karanta ta zai iya ɗinka tasa hanyar ko'ina. Sai dai haƙƙinka take nuna maka, ba halin da wurin yake ciki ba. Koren layi yana nan daram a takarda ko da ƙaya ta rufe turbar tun bara. A taswirorin Sikotland ma ba a sa irin wannan layi, tun da dokar can daban ce.

Idan aka tara su wuri ɗaya, bambancin ya koma kan tambaya guda: wa ya taka wurin, kuma yaushe? Shi ya sa karanta sharhin 'yan sa-kai ya fi ƙirga taurari muhimmanci. Fara da kwanan wata. Mutum uku da suka bi hanya a watan Yuli suka yaba, gaskiya suka faɗa, amma ba su ga yadda filin nan yake zama a Janairu ba, lokacin da kofaton shanu ya dama bakin ƙofa ya zama kunu, takalmi yana nutsewa har idon sawu. Haka wanda ya bi a Maris bai haɗu da ciyawa mai ƙaiƙayi da ke kai wa ƙugu a Agusta ba. Sannan ka duba wane ne mai maganar. Wanda ya ce hanya mai sauƙi ce, mai yiwuwa shi mil 20 yake yi kowace Asabar. Ka nemi kalmomin da suka shafe ka: tsallaka babban titi, matakalar haye shinge, shanu, ambaliya. Sharhi mai tauraro uku da ya faɗi takamaiman inda matsala take ya fi min mai biyar da ya ce komai lafiya.

Maganar matakalar shinge ba ƙarama ba ce. Katako ne biyu ko uku da ake kafawa don mutum ya haye shinge ba tare da dabba ta fita ba, kuma guda ɗaya tak ta isa ta mayar da mai keken guragu ko keken jariri gida. Ƙananan ƙofofin nan masu lilo da mutum ɗaya ke ratsawa su ma haka. Slow Ways ta ware wani aiki daban bayan sharhi, inda 'yan sa-kai ke bin hanya suna ɗaukar hoto, suna rubuta faɗin turba da gangararta da duk wani abin da ya tare ta. Inda aka yi wannan aiki, ba na jin akwai wata majiya cikin huɗun nan da ta kai ta amfani ga mai larura. Inda ba a yi ba, bakin kanal na cikin gari ya fi zama abin dogaro, shi ma bayan an duba ko akwai matakala a wajen shiga.

Shanu kuma su ne abin da ke bambanta hanyar gonaki da ta kanal ƙwarai. Doka ta hana a bar bijimin irin shanun madara da ya wuce wata 10 a filin da hanyar jama'a ta ratsa, amma haɗarin da aka fi samu daga saniya mai ɗan maraƙi yake zuwa, musamman idan ta ga kare. Kada ka shiga tsakaninta da ɗanta, kada ka ruga, ka zagaye garken a natse ko da za ka ɗan sauka daga turba, kuma mai kare ya sake shi idan suka taso. Wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar wannan, babu abin kunya, ya zaɓi bakin ruwa. Bayan tafiya cikin doguwar ciyawa kuma a duba jiki saboda kaska, domin tana ɗauke da cutar Lyme.

Lokaci shi ne abin da masu farawa suka fi yi wa gurguwar fahimta. Tun 1892 wani mai hawan dutse ɗan Sikotland, William Naismith, ya bar ma'aunin da har yau ake amfani da shi: awa ɗaya ga kowane mil 3, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Wannan na mai ƙarfi ne da ba ya tsayawa. Ka ƙara lokacin hutu, da na cin abinci, da na salla, da na tsayawa duba taswira, a hanyar gonaki kuma ka ƙara na taɓo. A yankin Manchester rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma a Disamba, a Yuni kuwa sai bayan 9 da rabi na dare. Hanya ɗaya ce, amma a wata guda tana da ragowar awa biyar, a wani watan babu ko ɗaya. Ka kuma duba mene ne wurin hutun da aka ambata, domin a ƙauyukan Birtaniya sau da yawa mashaya ce kaɗai ke buɗe, wanda ba ya shiga sai ya ɗauki guzurinsa da ruwansa daga gida. Jadawalin bas na ranar Lahadi ma a duba shi tun kafin a fita, ba bayan an isa ba, don a ƙauye yakan yi ƙaranci ko ya zama babu.

A koma kwarin Calder. Wanda yau ne farkonsa, ko yana tare da iyali, ko hunturu ne, ya sauka tashar Hebden Bridge ya kama bakin kanal, cikin awa biyu yana Todmorden, jirgi ya mayar da shi. Idan an kwana ana ruwa ya fara duba gargaɗin ambaliya, domin kwarin nan ya sha ta, ta ranar 26 ga Disamba, 2015 har yau ba a manta da ita ba. Wanda ya saba, rana doguwa ce, sama a washe, ya haura ta Stoodley Pike, wani yanki a kan Pennine Way da alamunta, ya gangara Todmorden ya dawo ta bakin ruwa. Titin A646 kuwa na bar wa motoci. A garin da babu kanal, babu babbar hanyar ƙasa a kusa, wanda shi ne halin da mafi yawan garuruwa ke ciki, ka buɗe shafin Slow Ways ka rubuta sunan garinku, za ka ga layuka sun fita zuwa kowane maƙwabci. Ka ɗauki mai katantanwa wadda sharhinta na ƙarshe bai tsufa ba, ka gwada ta da taswirar Explorer ka ga ko akwai inda ta hau titi. Idan ka dawo kuma, tun kafin laka ta bushe a takalminka, ka rubuta naka: ranar da ka bi, ta wane ɓangare ka fara, matakala nawa ka haye, wane fili ne ke da shanu, da kuma ƙarfe nawa bas na ƙarshe ya tashi.